Kar ka sauya batun Sayyid Ahmad Khan

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka, cewa malamin da ke duba aikinka na kammala digiri ya ce Sayyid Ahmad Khan, malamin nan na Musulmin Indiya a ƙarni na 19, karen Turawa ne, ka nemi wani batu, kana son sanin ko ka haƙura. Wallahi raina ya sosu, don ni ma a kansa na yi nawa aikin, kuma na sha wuya.

Ranar kare aikin, ɗaya daga cikin masu jarrabawa ko babi na biyu bai buɗe ba, ya ɗaga takardun da yatsu biyu ya ce wai ɗan koren Nasara na zo in wanke musu. Sai ya tambaye ni, a gaban ɗalibai fa, ko ni ma ban yarda da aljanu ba. Aka yi ta dariya. Ni da na tashi a gidan da ake karatun allo safe da yamma, rana ɗaya aka sa shakku a imanina saboda aikin tarihi. Bakina ya bushe, na kasa cewa komai. Abin da ya fi ƙona mini rai, wanda ya duba aikin tun farko yana zaune, bai ce uffan ba. Na yi kwanaki ba na son fita. Har yau in na tuna da shirun nan nasa sai in ji ɗaci. Allah Ya isar mini.

To, kar ka sauya. Amma kar ka ce za ka wanke mutumin tas. Gaskiya ne ya yi wa kamfanin Turawan Ingila da ke mulkin Indiya alƙalanci, ya ceci rayukansu a garin Bijnor lokacin tawayen da Indiyawa suka yi musu a 1857, ya kuma hana Musulmi shiga jam'iyyar Congress ta 'yan kishin ƙasar Indiya. Tawilinsa kan mu'ujiza da aljanu ya jawo masa fatawoyin malamai, har shahararren malamin nan Jamaluddin Afghani ya yi masa raddi. Rubuta duk wannan da hannunka kafin a jefe ka da shi. Sannan ka tambaye su: wane kare ne zai rubuta littafin Asbab-e-Baghawat-e-Hind, wato dalilan tawayen Indiya, ya gaya wa masu mulki cewa su suka jawo tawayen don sun ƙi sauraron mutanen ƙasa? Wane ɗan kore ne zai zauna a Landan yana mayar wa Baturen marubuci William Muir martani kan abin da ya rubuta game da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi? Makarantar da ya buɗe a 1875 ita ce ta zama Jami'ar Musulmi ta Aligarh a 1920, tana nan har gobe.

Kuma don Allah kar ka karanta shi shi kaɗai. Ajiye shi kusa da Deoband, makarantar addini ta gargajiya wadda su Qasim Nanautawi suka kafa a 1866. Ciwon 1857 ɗin nan ne ya haifi duka biyun, kowa da maganin da ya gani. Ni Mahmud Hasan ya fi taɓa mini zuciya, ɗalibin farko na Deoband, wanda Turawa suka tsare a Malta. Da aka sako shi a 1920 yana fama da ciwo, garin Aligarh ɗin ya je ya aza harsashin jami'ar Jamia Millia. Ka ga ashe su kansu ba su gina katangar da malamanmu ke ginawa ba. Shi kuwa Abul Kalam Azad, haifaffen Makka, malami ne na gaske, amma ya shugabanci Congress ya ƙi yarda a raba ƙasar zuwa Indiya da Pakistan. Shi kuma me za a kira shi?

Duk gyaran da malaminka ya yi, ka roƙe shi cikin ladabi ya rubuta a takarda, ka adana. Kar ka yi musu da shi a gaban mutane. Ka nemi wani babba a sashen ya leƙa aikin tun da wuri, don kar ranar ta zo ka tsaya kai kaɗai. Turo mini saƙo ta akwati in ba ka babin da na yi kan 1857.