Yaya, Wannan Ba Akwala Ba Ce

Yaya, saƙon muryarka sau uku na saurare shi. Na farko na yi ta dariya ni kaɗai, na biyu na kunna wa uwargida ta taya ni, a na uku ne na ji damuwar da ka ɓoye a ƙarƙashin tsiyar. Ka ce shekara ashirin da ɗoriya ina Ingila, ashe abin da na iya saya ke nan, 'yar mota kamar an kife kwanon sha, kuma in abin ya ci tura ne in faɗa maka a rufa mini asiri kafin hoton ya zaga dangi. Allah ya bar zumunci. Lafiyata ƙalau, aiki yana tafiya, kuma akwai wata motar a ƙofar gida wadda ake kai yara makaranta da ita. Waccan ba ta da abin da za a ɗauka a hoto, shi ya sa ba ka taɓa ganinta ba.

Wadda ka gani sunanta Nissan Figaro. Ka ce ka tabbata ta girme ka. Ba ta girme ka ba, ko ni ba ta girme ni ba. A 1991 aka ƙera ta a Japan, kuma da gangan aka yi mata fuskar motocin wajen 1950 zuwa 1960: fitilu zagaye kamar idon mujiya, bamba mai ƙyalli, farin rufi da ake naɗe shi baya, kujerun fata masu launin madara. Yarinya ce ta yi ɗaurin ɗankwalin kakarta. Idan ka buɗe bonet kuwa, inji da ƙashin ƙaramar Nissan Micra za ka tarar, injin da bai cika lita ɗaya ba, sai dai an haɗa masa turbo don ya ɗan ƙara numfashi. Giyarta atomatik ce mai hawa uku. Tana da na'urar sanyaya ciki, tana da rediyo mai cin kaset da faifan CD, amma an yi wa rediyon ado har ka rantse daga ɗakin wani dattijo aka ciro shi.

Shekara ɗaya tak aka yi ana ƙera ta, guda dubu ashirin da 'yan kai. Da farko dubu takwas aka yi niyya, masu so suka yi yawa har sai da aka ƙara, kuma duk da haka da ƙuri'a aka raba. Mutum da kuɗinsa a hannu, sai sunansa ya fito zai saya. Launi huɗu aka yi, kowanne a madadin wani yanayi na shekara: kore, shuɗi mai haske, wani ruwan ƙasa-ƙasa, da toka-toka. Tawa ce koriyar. Abin da ya kawo su nan da yawa shi ne Japan da Birtaniya duk a hagun titi ake tuƙi, sitiyari yana dama, don haka dillalai suka riƙa loda su a jirgin ruwa ba tare da an sauya komai mai yawa ba.

Ba ita kaɗai ba ce a wannan dangi. Volkswagen ta dawo da Beetle a 1998, da ƙusumbinta kamar ta da, sai dai injin ya koma gaba, har da ɗan wurin saka fure a gefen sitiyari. BMW ta fito da sabuwar Mini a 2001, ana haɗa ta a Oxford, don tunawa da wadda Alec Issigonis ya zana ta fito a 1959. Fiat ta jira sai da 500 ɗinta ta 1957 ta cika shekara hamsin cif, sannan ta saki sabuwa a 2007. Amurkawa ma sun yi tasu, Chrysler PT Cruiser, wadda ni dai har yau ban ga kyanta ba, amma kowa da kiwon da ya karɓe shi.

To, ka tambaya ko haka Hausawan Ingila suke, kowa da tsohuwar mota. A'a. Yawancinmu motar neman abinci muke hawa. Wanda yake tasi yana cikin Toyota mai shan mai kaɗan, ma'aikaciyar asibiti tana cikin wadda ba za ta ƙi tashi da asuba cikin sanyi ba, mai iyali yana neman mai kujera bakwai. Akwai kuma masu karɓar dalleliya bashi, ana cire musu kuɗi duk wata, don hoton da za a tura gida ya yi kyau. Ba na zargin kowa, ni ma na yi a shekaruna na farko. Na sha biyan kuɗin motar da ta fi ƙarfina don kada a ce wane ya je Turai bai tsinana komai ba.

Masu irin tawa 'yan tsiraru ne, kuma na lura kusan dukanmu waɗanda suka daɗe ne. Sai mutum ya gama shaida wa gida cewa ya samu, ya gaji da shaidar, sannan yake samun sararin sayen abin da ransa ke so. Akwai wani likita a cikinmu mai jar Mini, akwai wata baiwar Allah mai Fiat 500 launin ƙwai wadda ba ta yarda ko mijinta ya tuƙa. Mun kuma ɗauki ɗabi'ar mutanen ƙasar a wannan fanni. A nan attajiri yana iya hawa motar da ta shekara talatin, ba wanda zai ce ya karye. Suna da taro a Goodwood duk watan Satumba inda ake tseren tsofaffin motoci, jama'a su sa tufafin zamanin kakanninsu su je kallo. Duk Lahadin farko ta Nuwamba kuma motocin da aka ƙera kafin 1905 suna tashi daga Landan zuwa Brighton, suna tari suna hayaƙi, mutane sun yi layi a bakin hanya cikin sanyi suna tafa musu.

Amma ba don in yi koyi da Bature na saye ta ba, kuma ainihin abin da ya sa na riƙe ta ban san da shi ba sai bayan ta zo hannuna. Yaya, ka san abin da ya fi ci mini rai a ƙasar nan tun zuwana, na sha faɗa maka: rashin gaisuwa. Shekara tara muna katanga ɗaya da wani dattijo, abin da ke tsakaninmu ɗaga gira ne in mun haɗu wajen fitar da shara. Ranar Asabar ta farko da na fito da motar nan ina wanke ta, sai ga shi ya tsallako da sandarsa. Ya zagaya ta sau biyu, ya sunkuya ya leƙa agogon gudu mai farar fuska, ya shafa ƙarfen madubi da bayan yatsa kamar mai taɓa goshin jariri. Sannan ya fara ba ni labarin motar da ya ɗauko matarsa da ita ranar aurensu. Matar ta rasu, ni ban ma sani ba, ga shi katanga ɗaya. Mun fi awa a tsaye, kumfar sabulu ta bushe a jikin motar sai da na sake wankewa. Yau in bai ga fitilar ɗakina ba kwana biyu, zai ƙwanƙwasa.

Haka abin yake duk inda na shiga da ita. A gidan mai sai an tambaye ni shekarunta. A danja yara suna ɗago hannu daga bayan wata motar. Masu irinta in mun yi kiciɓis a hanya sai an ɗaga wa juna hannu ko an kashe fitila an kunna, ko ba a taɓa haɗuwa ba. Baƙin mutum a nan ya saba da kallo iri biyu, ko a kalle shi da tuhuma ko a kalle shi kamar babu kowa a wurin. A cikin motar nan na fara sanin kallo na uku, wanda murmushi ke riga magana fitowa. Na san motar ake wa murmushin, ba na yaudarar kaina. Amma daga motar ake gangarowa kan mai ita, a tambayi sunansa, a tambayi inda ya fito.

A cikin jama'armu ma ta yi amfani. Ranar Juma'a a wurin ajiye motoci na masallaci, tsiyar da ka yi mini ba ta kai rabin wadda nake sha ba. Wani ya ce in kawo ta ya saka a but ɗin tasa ya rage mini hanya. Su ɗin ne dai suka zo aro da 'yar ɗayansu za ta yi aure, amarya ta kafe ita a cikin koriyar motar Baffa za a ɗauke ta hoto. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan ba sa ganin abin kunya a jikinta. Ɗana da yake noƙewa in na zo ɗaukarsa a makaranta da babbar motar, shi ne yake roƙo in zo da wannan.

Kada in yi maka daɗin baki, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Babban abokin gabarta tsatsa. Da hunturu ana watsa gishiri a tituna don kada ƙanƙara ta kama, gishirin nan kuwa cin ƙarfe yake yi, musamman saman tayoyin baya da ƙasan ƙofofi. Don haka daga Nuwamba nake shigar da ita gareji, in cire kan batir, in rufe ta da mayafi, in sanar da hukuma cewa ta sauka daga titi don a dakatar da haraji. Sai wajen Afrilu take fitowa. Duk shekara kuma sai ta je gwajin lafiyar mota da ake kira MOT, a ɗaga ta sama, bakanike ya shiga ƙarƙashi da tocila yana ƙwanƙwasa ƙarfe, ni ina tsaye gabana yana faɗuwa kamar mai jiran sakamakon asibiti. Bara sai da aka yi mata walda kafin ta wuce. Kayan inji ba su cika wahala ba tunda wasu na Micra suna shiga, amma fitila ko bamba in ta fashe, sai an yi cigiya a wajen masu irinta, wani lokaci daga Japan za a aiko. Akwai wasu ƙananan magudanai a gefen rufin, in ganye ya toshe su ruwa yana taruwa a but. Na koyi wannan ne ranar da na tarar da dardumata tana iyo.

Landan ma ba na shiga da ita. Tun Agustan 2023 dokar hayaƙi ta mamaye dukan birnin, kuma injin 1991 bai cika sharaɗin ba, sai an biya kuɗi duk ranar da aka shiga. Motar da ta cika shekara arba'in ana yafe mata wannan, da harajin titi, da gwajin shekara-shekara. Tawa sai bayan 2031, in Allah ya kai mu da ni da ita.

Gudu kuwa ba ta da shi. A babbar hanya ina layin hagu tare da manyan motocin kaya, injin yana kuka saboda giya uku ce kawai. Shi ya sa na fi bin ƙananan hanyoyin ƙauye ranar Lahadi da hantsi, rufi a naɗe, uwargida ta ɗaure mayafi tamau tana mita iska za ta kwashe shi, amma ba ta taɓa cewa a rufe ba.

Maganar da ka yi cewa in aiko maka da ita ka ba yara su yi wasa, ba za ta yiwu ba. Sitiyarinta a dama yake, kuma fatar rufin ba za ta jure rana mai zafi ba. In Allah ya kawo ka, ka zo tsakanin Yuni da Agusta. Kai za ka zauna gaba, don kujerar baya ko ɗan shekara goma sai ya naɗe ƙafa, akwatinka kuma sai dai a biyo mu da shi a ɗaya motar. Ka gaida Yaya Babba da yara, ka ce wa wanda ya fara tura hoton a zauren dangi ina sane da shi.