Filin Makanike: Injin 454 a cikin Nova ta 1966

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Makanike. Ina zaune a Houston ta Amurka. Na sayi tsohuwar Chevy II Nova ƙirar 1966, mai ƙofa biyu, bodinta lafiya lau, amma injinta ɗan silinda shida ne na asali, ba ya taɓuka komai. Wani maƙwabcina zai sayar mini da injin 454 da ya ciro daga akori-kurar Chevrolet ta shekarun 1980, kuma da araha. Ya ce tunda duk Chevrolet ne, ɗaurawa kawai za a yi. In saya? Daga mai karatu a Houston.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Maƙwabcinka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, amma ya faɗa maka kashi ɗaya cikin goma na maganar. Gaskiya ne bayan injin 454 da na ɗan silinda shidanka ramukan ƙusoshinsu iri ɗaya ne, giyabos ɗinka zai kama. Daga nan kuma sauƙi ya ƙare.

Shekarar motarka ita ce matsalar. Nova ta 1962 zuwa 1967 an zana ta ne a matsayin ƙaramar motar talaka, kuma sifirin da shokozoba na ƙafar gaba suna zaune ne a sama, cikin wasu tudu biyu na ƙarfe da suka kutso ɗakin inji dama da hagu. Buɗe bonet ka duba, za ka gan su. Ko ƙaramin bulok na V8, wato injin Chevrolet mai silinda takwas, wanda kamfanin ya fara sakawa a 1964, da ƙyar yake zama tsakaninsu, sai da aka yi masa kaskon baƙin mai na musamman mai zurfi ta gaba, saboda sandunan sitiyari sun bi ta baya. Shi kuwa 454 babban bulok ne, lita 7.4, ya fi faɗi, ya fi tsayi, ya fi ƙaramin bulok ɗin nauyi da kusan kilo 50. In ka matsa ya shiga, to bututun salansa ba su da hanyar fita sai an huda bangon gidan taya, canza filogi kuwa ya zama aikin yini guda.

Da a ce ta 1968 zuwa sama ka saya, da amsata ta bambanta. A shekarar aka sake fasalin Nova, aka ba ta gaba irin na motar Chevrolet Camaro, har kamfanin da kansa ya riƙa saka mata injin 396 mai ƙarfin doki 375. A 1969 dillalin nan Don Yenko na jihar Pennsylvania ya ɗora wa wasu 'yan kaɗan 427. A irin waɗannan, mazaunin inji da lagireto da sifirin duk akwai su a kasuwa, saye ne kawai a ɗaura. Taka ba ta cikinsu.

Za ka ji ana ba da labarin Dodge Dart ta 1968 da kamfanin Hurst ya cusa wa injin 426 Hemi, guda 80 ko kusa da haka. An yi, amma da babbar guduma aka daddaki tudun shokozoba kafin injin ya zauna, aka mai da batir cikin but, aka sayar da su ba garanti, don tseren miƙaƙƙen layi kawai. Ba motar zuwa Juma'a da iyali ba ce.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarka: daga ina injin ya fito. Sunan 454 ya yi tashe ne saboda na 1970 da aka saka wa motar Chevrolet Chevelle, mai ƙarfin doki 450. Na akori-kurar shekarun 1980 sunan ne kawai ɗaya. An rage masa matsi saboda dokar hayaƙi da man fetur marar dalma, kawunansa masu ƙananan ƙofofi ne, an yi shi don jan tirela, ƙarfinsa bai wuce doki 230 zuwa 240 ba. Ko da yake ma'aunin ƙarfin doki na 1970 ya fi na shekarun 1980 kumbura lamba, tazarar tana da yawa. Kafin ya zama abin da kake mafarki sai ka canza fistin da kawuna da kamshaf da kafireto, kuma kuɗin ya ninka abin da ka biya maƙwabcin. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

A ce ka nace. Hanyar da na yarda da ita ɗaya ce: kada ka bari kowa ya sa wuta ya yanka tudun nan. Sa'ar da ka yi, gaban Nova ta waɗannan shekaru da ƙusa aka ɗaure shi a jikin bodi, ana kwance shi ɗungurungum. Kamfanoni irin su Heidts da TCI suna ƙera sabon gaba da ke shiga gurbinsa, ba tudu, da birkin diski da sitiyari na zamani. Ka adana na asalin a gareji, domin ranar da za ka sayar da motar mai saye zai tambaye shi.

Bayan wannan sai sauran jiki. Motar ba ta da cikakken shasi, bodin ne ke ɗauke da kansa, don haka sai an yi waldar ƙarafa biyu a ƙasa su haɗa gaba da baya. In ba haka ba, ƙarfin murɗawar injin zai karkata bodin, wata rana ka ga ƙofa ta ƙi rufuwa. Giyabos ɗinka, in Powerglide ne mai giya biyu, ba zai jure ba yadda yake. Nemi giyabos ɗin TH400, ka kuma shirya rage tsawon farfela. Aksul ɗinka na baya mai ƙusa 10 shi ma sai an canza shi, a sa mai ƙusa 12 ko na Ford mai inci 9. Sifirin na baya falle ɗaya ne tak, kana taka totur da ƙarfi taya za ta kama tsalle. Lagireto babba na alminiyom da fanka mai ƙarfi dole ne, kai da ke Houston ka fi ni sanin zafin watan Agusta a cunkoso. Mai kuwa, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Birki na ware shi daban don shi ne ba na wasa da shi. Nova ta 1966 da birkin ganga ta fito ƙafa huɗu, kuma layin man birkin guda ɗaya ne. Bututu ɗaya ya fashe, ba gaba ba baya. Ko ba ka canza inji ba, wannan ka gyara shi tun yanzu, ka sa tukunyar birki mai layi biyu.

In shawarata kake so, bar wa maƙwabcinka kayansa. A 1966 ɗin nan Chevrolet ta sayar da Nova mai ƙaramin bulok 327, ƙarfin doki 350, a motar da ba ta kai kilo 1,400 ba, kuma da irinta direban tsere Bill Jenkins ya riƙa gwabzawa da manyan motoci masu injin Hemi a filin tsere. Ka nemi bulok 350 a sa masa dogon karanshaf ya koma 383, ko injin LS na alminiyom in kana son na zamani. Gaban motar zai yi sauƙi, za ta sha kwana ba gardama, bonet kuma zai rufu ba tare da an huda shi ba.

In har zuciyarka ta ƙi sakin 454 ɗin, kafin ka ba da ko dala ɗaya ka goge bayan bulok ɗin ta ɓangaren direba, kusa da inda giyabos ke kamawa, ka kwafo lambar da ke jiki, haɗe da haruffan da aka buga a gaba ta ɗaya ɓangaren. Aiko mini da su, zan faɗa maka shekararsa da irin kayan da ke cikinsa.