Yaya, ga dalilin da Inna ke ɗaga gorar ruwa

Yaya, barka da war haka. Saƙonka ya iso, kuma tun kafin in kai ƙarshensa na ji zafin da ke ciki. Ka ce ka ga bidiyon da yara suka tura, Inna riƙe da gorar ruwa a kowane hannu tana ɗagawa tana saukewa cikin tsofaffin mata, ka ce abin kunya ne, ka tambaya ko haka mutanenmu na Ingila ke yi da iyayensu. E, haka muke yi. A cikinmu nan Manchesta, gidan da ke da tsohuwa da wuya ka tarar an bar ta zaune wuni guda, kuma kusan kowa na da kwalbar bitamin D a kicin. Ka yi haƙuri ka ji yadda muka kai ga haka, don ni ma da ra'ayinka na zo ƙasar nan.

Hunturun farko da Inna ta yi a wurinmu, mun yi mata abin da muka sani na girmamawa. Ta miƙa hannu, a ce “Inna zauna, a kawo miki.” Wata biyar tana kan kujera ɗaya kusa da hita, ba ta fita sai dai daga ƙofa zuwa mota. Kafin sanyi ya wuce, ba ta iya tashi daga kan sallaya sai ta dafa bango, cinyoyinta da bayanta na ciwo, tana cewa sanyin ƙasar ne ya shige ta. Muka yi ta shafa man zafi. Da aka auna jininta, bitamin D ya yi ƙasa sosai. Likitar ta yi mana tambaya biyu: yaushe rabon da rana ta taɓa fatarta, kuma taku nawa take yi a wuni? Wallahi Yaya, kunya ta hana ni ɗaga kai.

Mun saba ɗaukar ƙashi kamar busasshen itace, alhali rayayye ne, jini na ratsa shi. Ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi kullum cikin rushewa da gini suke. Akwai ƙwayoyin halitta masu kankare tsohon ƙashi, akwai masu zuba sabo a gurbin, har ta kai cikin kamar shekara 10 an sabunta ƙasusuwan mutum gaba ɗaya. Har zuwa wajen shekara 30 magina ne ke kan gaba, can kuma sai masu rushewa su fara rinjaye. Mace tana ɗauke al'ada zaizayar ke ƙara gudu, saboda sinadarin da ke taka wa masu rushewa birki ya ragu. Ga kuma kalsiyam, sinadarin da ke ba ƙashi tauri: kashi 99 cikin 100 na wanda ke jiki yana cikin ƙashi da haƙora, amma zuciya da tsoka ma suna bukatarsa a jini. In ya yi ƙaranci, jiki ba ya shawara, daga ƙashi yake ɗiba. Bitamin D ne ke sa hanji ya tsotse shi, ita kuma fata ce ke haɗa bitamin ɗin idan rana ta buge ta.

To ranar ce ba mu da ita. Daga Oktoba zuwa Maris tana ratsawa ta ƙasa-ƙasa, haskenta ba ya isa fata ta haɗa komai, a Disamba kuwa kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi. Baƙar fata ta fi ɗaukar lokaci kafin ta haɗa bitamin ɗin, ga rigunan sanyi a kan suturarmu. Shi ya sa hukumar lafiya ta NHS ke shawartar kowa ya sha maikirogiram 10 a kullum lokacin sanyi, irinmu kuma duk shekara, jarirai masu shan nono a riƙa ɗiga musu tun daga haihuwa. Ɗigon da ka ji ana ba takwaranka ke nan, lafiyarsa ƙalau. Su kansu Turawan sun ɗanɗana: laushin ƙashi mai lanƙwasa ƙafafun yara ya yi musu yawa har ana kiransa ciwon Ingilishi. Wani likita Francis Glisson ya yi rubutu a kansa tun 1650, sai a 1919 Edward Mellanby ya nuna man hantar kifi na warkar da shi a jikin karnuka.

Da ƙwaya kaɗai ta isa, da mun ba Inna mun mai da ita kan kujerarta. Ƙashi sai ya ji nauyi yake ginuwa. Wani likitan Jamus, Julius Wolff, ya bayyana hakan a 1892: inda ake ɗora wa ƙashi nauyi ya yi kauri, inda aka ɗauke masa ya sirance. Ƙashin hannun da ɗan wasan tanis ke bugu da shi ya fi na ɗayan kauri. 'Yan sama jannati kuwa, da yake babu nauyi a can, sukan rasa kashi 1 cikin 100 ko fiye na ƙarfin ƙashin ƙugu duk wata. Na ce wa maigidan, ashe kumbo muka saka Inna ba mu sani ba. Rayuwar nan ta ɗauke wa jiki duk wani nauyi, inji ke wanki, mota ke tafiya, saƙo har bakin ƙofa. Abin da zirga-zirgar yau da kullum ke ba mutum kyauta, mu sai mun ware masa lokaci.

Maganar kunya kuma, kwantar da hankalinka. Motsa jikin Talata da Alhamis ake yin sa, a wani zaure da matanmu ke kamawa, ƙofa a rufe, mace ke koyarwa, kowa da hijabinta. Ana tashi daga kujera sau 10 ba a dafa komai ba, a ja roba, a ɗaga gora, a tsaya da ƙafa ɗaya ana riƙe da bayan kujera. Wannan na ƙarshen ya fi ba su dariya, kuma a ganina ya fi komai amfani. Zaizayar ƙashi ba ta ciwo, ba ta sallama, sai ranar da santsi ya kwashi tsohuwa ƙugu ko wuyan hannu ya karye. Ranƙwafawar bayan da muke cewa tsufa ne, sau da yawa ƙasusuwan gadon baya ne suka lotse. A shekarun Inna motsa jiki ba zai dawo mata da ƙashin 'yar 30 ba. Yana rage gudun zaizayar, yana ƙarfafa cinya, yana hana faɗuwa. Wadda ta taɓa karaya kuwa sai likita ya faɗi irin motsin da ya dace da ita.

Ba duka aka yarda ba. Akwai dattawanmu maza da har yau suke ganin abin raini ne, sai dai da yawansu yanzu suna zagaya fili tare ranar Lahadi, suna kiran abin hira.

Kai ma kada ranarku ta ruɗe ka. Wani bincike da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe a can yawanci kalsiyam suka rasa, ga rana kuwa har ta yi yawa. Na karanta wa Inna saƙonka, ta yi dariya har da tafi. Ta ce in gaya maka ka zauna a kujerar ofishin nan naka, ka harɗe hannuwa a ƙirji, ka tashi sau 10 a jere, sannan ka kira ta ka faɗa mata nawa ka yi. Ita jiya 14 ta yi. A gaida Anti da yara.