Tambaya da Amsa: Wasan Labari Daga Nesa, Wane Tebur Za Mu Hau?

Wasiƙun wannan makon sun taru ne a kan abu guda: wasan labari irin na Dungeons & Dragons, da manhajojin da ake buga shi da su idan 'yan wasan ba sa gari ɗaya. Mun zaɓo shida daga ciki.

Assalamu alaikum. Ƙanena yana karatu a Ingila, ya turo mini wani mahaɗi na Roll20 ya ce in shiga wasansu. Ni ludo da dara kaɗai na sani. Wane irin wasa ne wannan, kuma me ya sa ake ta rububin manhajojinsa? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Wasan ya fi kusa da tatsuniya a kan ludo, sai dai masu sauraro ne jaruman labarin. Mutum ɗaya, jagoran wasa, shi ke bayyana wurin da kuke da abin da ya tunkaro ku. Kowa a cikinku yana riƙe da jarumi ɗaya, da takardar da aka rubuta ƙarfinsa da dabararsa da kayansa. Ki ce "zan haura katangar", jagora ya ce ki jefa dayis mai fuska 20, ki haɗa abin da ya fito da makin jarumarki. In jimillar ta kai adadin da ya yanke, kin haura, in ba ta kai ba kin zamo. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka a 1974, kuma shekara da shekaru a kan teburin falo ake buga shi, da takarda da fensir da 'yan mutum-mutumi.

Abin da ƙanenki ya turo miki shi ne wannan teburin, an mayar da shi kan allo. Yana ɗauke da taswira mai gidaje, da 'ya'yan wasa da ake ja kamar na dara, da dayis, da takardun jarumai, da wani hazo da jagora yake yayewa kaɗan-kaɗan don kada ku ga abin da ke bayan ƙofa tun ba ku buɗe ta ba. Irin waɗannan manhajoji sun daɗe: Fantasy Grounds tun 2004, Roll20 tun 2012. Kullen korona na 2020 ne ya sa kasuwarsu ta buɗe sosai, domin ƙungiyoyin da suka saba haɗuwa duk mako sun rasa wurin zama. A shekarar ce Foundry da Owlbear Rodeo suka fito. Da aka buɗe gari kuma mutane da yawa ba su koma ba, tunda sun gano abokin da ya yi ƙaura zai iya ci gaba da zama a wasan. Manyan kamfanoni ma sun hango riba: a 2022 Hasbro, mai mallakar wasan, ya sayi shafin D&D Beyond, inda ake ajiye dokokin wasan da takardun jarumai, a kan dala miliyan 146.3.

Ke dai ba ki da abin saya. Ki buɗe asusu kyauta, ki danna mahaɗin, ki bar wa jagora sauran.

Mu shida ne. Huɗu muna da kwamfuta, biyu waya kaɗai gare su. Wanne za mu ɗauka? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Ku auna da na'urar da ta fi rauni a cikinku da sabis ɗin da ya fi rauni, ba da kwamfutar jagora ba. Wannan shi ne kuskuren da ya fi wargaza sababbin ƙungiyoyi: jagora ya ga hoton taswira mai fitilu da inuwa ya ruɗu, ranar wasa mutum biyu su ƙare da kallon baƙin allo.

Da mutum biyu a waya, Owlbear Rodeo ne amsarku. A burauza yake aiki, yana karɓar taɓawar yatsa, kuma abin da yake yi kaɗan ne: taswira, 'ya'yan wasa, hazo, ma'aunin nisa. Takardun jarumai ku riƙe su a takarda ko a D&D Beyond, murya kuma ta bi ta Discord, manhajar hira da murya. Roll20 ya fi shi kaya, yana da takardun da ke yin lissafi da kansu, kuma matakinsa na kyauta ya isa a yi wasa na watanni, amma teburinsa ya fi son faffaɗan allo da linzami. Hasken da ke bin jarumi yana nuna masa iya abin da idonsa zai gani kuwa a Roll20 sai da kuɗin wata-wata. Foundry ku ajiye shi tukuna. Yana son kwamfuta mai ƙwaƙwalwar aiki gigabait 8 da allon da bai gaza 1366 a 768 ba, ba a kuma gina shi don waya ba. Masu siffa uku irin su TaleSpire da Tabletop Simulator sun fi kowa kyau a ido, sun kuma fi kowa cin na'ura.

Dokokin wasa ma ba dole sai kun saya ba. Ƙananan dokokin Dungeons & Dragons suna nan kyauta, na Pathfinder (wani wasan labari irinsa) bugu na biyu kuma ana karanta su a shafin Archives of Nethys ba tare da biyan sisi ba.

Na biya dala 50 na sayi Foundry, na girka, a kwamfutata komai lafiya. Na tura wa abokaina mahaɗin gayyata, babu wanda ya iya shiga. An cuce ni ne? Daga wani mai karatu a Kano.

Ba a cuce ka ba, Malam, sai dai ba a yi maka bayanin abin da ka saya ba. Roll20 yana zaune ne a kwamfutocin kamfaninsa, kowa ya je can ya same shi. Foundry kuwa kwamfutarka ce take zama masaukin wasan, abokanka su ƙwanƙwasa ƙofarta daga waje. Lambar wannan ƙofar 30000, kuma abubuwa uku ne kan toshe ta.

Na farko, duba wane mahaɗi ka tura. Foundry yana ba da biyu: na cikin gida, wanda yawanci ke farawa da 192.168, da na intanet. Na cikin gida ba ya aiki sai ga wanda ke kan rauta ɗaya da kai. Na biyu, katangar tsaron Windows tana iya hana manhajar karɓar baƙi, sai ka shiga saitinta ka ba Foundry izini. In rauta gare ka, ka tabbata UPnP, saitin da ke barin manhaja ta buɗe ƙofa da kanta, a kunne yake, ko ka tura ƙofa ta 30000 da hannu zuwa adireshin kwamfutarka na cikin gida, a tsarin TCP.

Na uku shi ne wanda muka fi zargi, in da datar waya ko ƙaramar rauta mai layin waya kake amfani, kamar yawancin mutanenmu. Kamfanonin waya sukan haɗa ɗimbin masu layi a bayan adireshin intanet guda, tsarin da ake kira CGNAT. Kamar gidan haya ne mai zaure ɗaya: kai kana iya fita ka dawo, amma baƙon da ya zo zauren bai san ɗakin da zai nufa ba, kuma makullin zauren ba a hannunka yake ba. Gane shi ba wuya. Shiga shafin saitin rautarka ka duba adireshin da kamfani ya ba ta, sannan ka tambayi Google adireshinka na fili. In sun bambanta, ko na rautar ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, ko ya fara da 10, to kana bayan zauren. Duk tura ƙofar da za ka yi a rautarka aikin banza ne.

Mafita uku ce. Mafi sauƙi, ka kama haya a wurin masu ajiye Foundry irin su The Forge: ka sa lambar lasisinka, su ba ka mahaɗi, ka biya kuɗin wata da dala. Ta biyu ba ta cin kuɗi ga ƙaramar ƙungiya: kai da abokanka duk ku girka Tailscale ko ZeroTier, waɗanda ke sa kwamfutocinku su zama kamar a ɗaki ɗaya suke, sai su rubuta adireshin da manhajar ta ba kwamfutarka su ƙara :30000 a ƙarshe. Ta uku ta masu ilimin Linux ce, wato hayar ƙaramar saba (kwamfutar da ke kunne a intanet kullum) a girka Foundry a kai da Node.js.

Mu mun fi karkata ga ta farko, saboda dalilin da ba ya cikin tambayarka. Ko ka buɗe ƙofar, duk taswirar da 'yan wasa za su gani daga layinka za ta fita. Taswira mai megabait 10 ga mutum biyar megabait 50 ke nan, a saurin ɗorawa na megabit 5 a daƙiƙa kuma sai ta ci daƙiƙa 80 kowa yana jira. Sannan in aka ɗauke wuta kwamfutarka ta mutu, wasan kowa ya mutu tare da ita. Wata shawara kyauta: kada ka sabunta Foundry ranar wasa. Ƙarin kayan da mutane ke rubuta masa sukan karye idan babban sabon salo ya fito, don haka ka kwafi jakar bayanan duniyarka ka adana kafin ka taɓa komai.

Taswirata tana daɗewa ba ta buɗe ba, in ta buɗe kuma layukan da ke jikin hoton ba sa hawa kan na manhajar. Daga wata jagorar wasa a Maraɗi.

Matsala biyu ce, lissafi ɗaya ke warware su. A Dungeons & Dragons kowane gida ƙafa 5 ne, shi ya sa jarumi mai tafiyar ƙafa 30 yake cin gida shida. Roll20 yana ɗaukar gida ɗaya a matsayin fiksel 70, Foundry kuma 100 in ba ki canza ba. Ki ƙirga gidajen da ke faɗin hotonki, ki raba faɗin hoton da su. Hoto mai faɗin fiksel 3000 da gida 40 yana nufin kowane gida 75 ne. A Foundry sai ki rubuta 75 a saitin filin. A Roll20 ki sa faɗin shafin ya zama gida 40, tsawonsa ma ki ƙirga, ki ja hoton ya cika shafin daidai. In amsar rabawar ba ta fito cif ba, akwai farin gefe a jikin hoton, ki yanke shi tukuna. In taswirar tana da nau'in da ba a zana wa layuka ba, shi za ki ɗauka ki huta.

Nauyi kuwa daga girman banza yake zuwa. Filin gida 30 a 30 bai buƙatar wuce fiksel 2100 a 2100 a Roll20. Ki rage shi zuwa haka, ki mayar da shi JPG ko WebP maimakon PNG, ki yi ƙoƙari kada ya wuce megabait biyu. Foundry yana da umarnin loda fili tun kafin a shiga shi, ki danna shi 'yan wasa suna cikin hira. In har yanzu allo yana sanɗa, kowa ya duba ko saitin "hardware acceleration" na burauzarsa a kunne yake, domin in a kashe yake katin hoto ba ya taimakawa.

Tunda kina nan: a Roll20 hoton taswira a shimfiɗar taswira ake ajiye shi, ba a ta 'ya'yan wasa ba, in ba haka ba ki je ɗaukar dodo ki ja dajin gaba ɗaya. In kuma 'yan wasa suka ce ba sa ganin sabon shafi, ƙyallen da ke nuna inda suke ne ba ki ja zuwa can ba.

Data nawa zama ɗaya yake ci? Kuma muryoyinmu suna amsa-kuwwa. Daga wani mai karatu a Kumasi.

Murya ba ta da tsada. Ɗakin murya na Discord yana kan kilobit 64 a daƙiƙa, wanda a lissafi ya kama kusan megabait 29 a awa in mutum ɗaya yana magana ba tsayawa. Zaman awa uku da taswira biyu masu sauƙi bai kamata ya kai rabin gigabait ba. Bidiyo ne ɓarawon data, ku kashe kyamara. Mai ɗakin yana iya sauke ingancin murya zuwa 32 in wani yana yankewa.

Amsa-kuwwa tana zuwa ne daga wanda ya saki lasifika, makirufonsa yana sake ɗaukar muryoyinku. Kowa ya sa iyafis. Mai janareto ko yara a kusa ya koma tsarin danna-ka-yi-magana. In kuna Roll20 da Discord a lokaci guda, ku kashe muryar Roll20, kada ku riƙa jin juna sau biyu. In sabis ya yi tsanani, taswira ce za ku fara saki, ba murya ba: jagora ya siffanta wurin da baki, ya tura hoto ɗaya ta WhatsApp, wasa ya ci gaba.

Yaya za mu yarda da abin da mutum ya ce ya jefa? Kuma mun kasa tsayar da lokaci, ɗayanmu yana Landan, ɗaya yana Jidda. Daga wani mai karatu a Sakkwato.

Kada kowa ya jefa a ɗakinsa ya kawo labari. A Roll20 da Foundry, rubuta /roll 1d20+5 (wato jefa dayis ɗaya mai fuska 20 a ƙara 5) a akwatin hira, sakamako ya fito a gaban kowa. Jifa mai fifiko, inda ake jefa biyu a ɗauki babba, ita ce /roll 2d20kh1+5, kuma ba ƙaramin tagomashi ba ne: matsakaicin jifa yana tashi daga 10.5 zuwa kusan 13.8. Jifar da jagora kaɗai zai gani tare da mai jifa ita ce /gmroll. In a Discord kawai kuke, ku gayyato Avrae, wata 'yar manhajar jefa dayis da ke aiki a cikin Discord, ta riƙa jefa muku.

Batun lokaci, Jidda tana gaban Najeriya da awa biyu duk shekara. Landan ce mai sauyi: daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogonku ɗaya da ita, sauran watannin kuma tana bayanku da awa ɗaya. Ku tsayar da zama da agogon Najeriya, ku duba kada ya ci karo da lokacin salla a ɗaya daga cikin garuruwan uku, ku kuma yanke tun farko mutum nawa ne in sun hallara za a fara. A ƙungiyar mutum biyar, uku da jagora sun isa, jarumin wanda bai zo ba a bar shi yana gadin raƙuma.