Me ya sa madaurin gadon lilona yake saurin cinyewa?

Tambaya: Ina da gadon lilo na yadi, irin wanda ake ratayawa tsakanin bishiyoyi biyu idan an fita kwanan daji. Wata huɗu da saye, gefen madaurinsa ya fara zarewa daidai inda yake shiga ƙarfen matsewa, wani wurin kuma ya yi ƙyalli ya taurare. Nakan ja shi sosai don kada gadon ya lotsa. Zan iya ci gaba da amfani da shi?

Amsa: Malam, ka ajiye wannan madaurin daga yau. Ƙyallin nan alama ce ta cewa zaren ya narke saboda guga, kuma bel mai faɗi idan gefensa ya fara cinyewa, ba ya jan kunne kafin ya tsinke. Ɗinki ko ƙona bakin zaren da ashana ba zai dawo da ƙarfinsa ba.

Tushen matsalar shi ne jan da kake yi. Iya miƙewar madauri, iya nauyin da yake ɗauka. A ce nauyinka kilo 80 ne. Idan madaurin ya sauko daga bishiya da karkatar digiri 30 daga layin kwance, kowane ɓangare yana ɗauke da kilo 80. A digiri 15 ya kai kusan 155, a digiri 10 kusan 230, a digiri 5 kuwa ya haura 450. Wannan ma kana kwance shiru ne. Faɗawa cikin gadon da ƙarfi yana ƙara wani a kai. Don haka lotsawar da kake gudu ita ce daidai. Nemi bishiyoyi masu tazarar mita 4 zuwa 5, ka ɗaura wajen tsayin kanka, yadda idan ka zauna gadon zai tsaya kamar santimita 45 daga ƙasa. Wajen awo, miƙa manuniya a kwance ka ɗaga babban yatsa sama: layin da ya haɗa kawunansu kusan digiri 30 ne. Sai ka kwanta a ɗan karkace, bayanka zai miƙe.

Zarewar gefe kuwa daga ƙarfen take. Idan bel ya shiga a murɗe ko a gicciye, gefe ɗaya ne ke cin nauyin duka a kan bakin ƙarfe. Ka shimfiɗa shi sosai kafin ka zura, ka shafa ƙarfen da yatsa ko yana da kaifi, kuma kada ka gyara tsawo alhali akwai mutum a ciki.

A jikin bishiya, idan ka zura wutsiyar belin cikin madaukin ɗaya bakin, juya madaukin har belin ya fito a miƙe zuwa ga gadon, kada ya lanƙwaso baya yana gugar kansa. Nan ne aka fi samun narkewa. Ƙulli ma yana cin sulusi zuwa rabin ƙarfin bel, a rage yin ƙulli.

Idan za ka sayi sabo, na fi son foliyesta a kan nailan. Nailan yana miƙewa cikin dare, yana shan ruwa, ya kuma fi saurin lalacewa a rana. Faɗinsa kada ya gaza santimita 2.5, domin siririyar igiya tana yanka ɓawon bishiya. Ka guji masu ƙaya irin su aduwa da bagaruwa, da duk wadda ke da busasshen reshe a sama.

Ƙurar hunturu tana shiga tsakanin zare tana cinsa daga ciki. Ka riƙa ɗauraye madaurin da ruwa, ka shanya a inuwa, kada ka ajiye shi kusa da batirin mota, don ruwan batir yana cinye nailan ba tare da ido ya gani ba. Kafin kowace ɗaura, bi shi da yatsu tun daga farko har ƙarshe, ka tsaya a kan ɗinkin madauki ka duba ko zare ya tsinke.