Mun shiga kududdufi tsintar dodon koɗi, yanzu abokina yana fitsarin jini

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne ɗan aji biyu na babbar sakandare a wajen Kura, Jihar Kano. Malamin bayoloji ya raba mu rukuni-rukuni, mu bakwai aka ba mu aikin binciken halittun da ke rayuwa a wani kududdufi da ke bayan makaranta, ni aka naɗa shugaba. Mako uku da suka wuce mu huɗu muka naɗe wando muka shiga ruwan har gwiwa, muna tsintar dodon koɗi da talibambam da hannu muna zubawa a gwangwani. A daren ranar ƙafafuna suka yi ta ƙaiƙayi, ƙananan ƙuraje suka fito, bayan kwana biyu suka baje. Shekaranjiya ɗaya daga cikinmu ya faɗa mini a asirce cewa yana ganin jini a ƙarshen fitsarinsa. Yayansa ya ce masa ba komai, balaga ce, kowane namiji sai ya yi. Mai kemis kuma ya ba shi kafson sanyi. Hankalina ya tashi, don ni na ce a shiga ruwan. Ina tsoron in faɗa wa malaminmu ya soke aikin ko a ɗora mini laifi. Ga shi mutum uku ba su taɓa zuwa ba, abin da muka ƙirga bai taka kara ya karya ba, wasu na cewa mu ƙara lambobin kawai. Saura mako biyu mu miƙa. Yaya zan yi?

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka fara da kwantar da hankalinka a kan abu guda: jinin da abokinka yake gani ba daga shigar da kuka yi mako uku da suka wuce ba ne. In tsargiya ce, kuma yadda ka siffanta jinin yana zuwa a ƙarshen fitsari ita ta fi kama, to tsutsar tana ɗaukar wata biyu zuwa uku daga ranar da ta huda fata kafin ta girma ta fara zuba ƙwai. Ƙwan ne ke jawo jinin. Wanda ya ga jini a mako na uku, tun da daɗewa yake ɗauke da ita, daga wanka a kanal ko aikin shinkafa ko wani ruwan dabam. Ba kai ka sa masa ba.

Amma wannan lissafin yana da ɗaya fuskar, wadda ta shafe ka kai. Ƙaiƙayi da ƙurajen da ka yi a daren da kuka fito, haka fata kan yi in tsutsotsin ruwa suka huda ta. Ba lallai na ɗan Adam ba ne, akwai na tsuntsaye da ke sa ƙaiƙayi su mutu a fatar ba tare da sun yi komai ba. Sai dai ba za ka gane wanne ne da ido ba, kuma in ka je gwajin fitsari gobe za a iya ce maka ba a ga komai ba alhali tsutsar ba ta isa yin ƙwai ba ne kawai. Maganin ma bai cika kashe ƙaramar tsutsa ba. Saboda haka ku huɗun da kuka shiga, ku ƙirga wata uku daga ranar, ku je asibiti a duba. In kafin nan wani ya yi zazzaɓi mai naci da tari da ciwon jiki, kada ya tsaya jira, ya je ya gaya wa likita cewa ya shiga kududdufi. Abokinka kuwa ba shi da abin jira. Ya je a cikin makon nan, ya ba da fitsari tsakanin ƙarfe goma na safe da biyu na rana, lokacin da ƙwan ya fi fita, kuma ya tabbata ɗigon ƙarshe ya shiga kwalbar. Akwai wasu cututtukan da ke sa jini a fitsari, shi ya sa ake gwajin.

Yanzu bari in zo kan maganar yayan nan, don ita ce ta fi ci mini rai a duk wasiƙarka.

Balaga! Na gaji da jin wannan kalma. Shekara da shekaru ina bin bakin ruwa ina tsintar dodon koɗi, ba garin da zan sauka ban tarar da wani babba yana gaya wa yaro haka ba. Wani ya ce alamar zama namiji ce, wani ya ce zafin rana ne, wani ya ce yawan shan rake ko cin yaji, wani ya ce an tsallaka fitsarin wani abu. Na taɓa tsayawa a gaban ajin firamare na tambayi wa ya taɓa ganin jini a fitsarinsa, yara maza suka ɗaga hannu suna dariya, har wanda bai ɗaga ba ake yi wa tsiya. Abin da ya sa maganar ta zauna daram shi ne cutar ta fi kama yara daga shekara goma zuwa sha biyar, daidai lokacin da murya ke buɗewa. Amma dalilin a fili yake: su ne 'yan iyo, su ne masu kai dabbobi shan ruwa, su ake aika wa gonar rani. Yaron da ya tashi a inda ruwan famfo kawai ya sani yana balaga lafiya lau, bai taɓa ganin ɗigon jini ba. Wannan kaɗai ya isa ya kashe maganar, in da ana son a ji.

Abin da ke faruwa a jikin abokinka shi ne: tsutsotsi, mace da namiji manne da juna, suna zaune a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, suna iya yin shekaru a wurin. Macen tana zuba ƙwai ɗaruruwa kullum, kowane ƙwai da tsini a ƙarshensa kamar ƙaya. Wasu su ratsa bangon mafitsara su fita da fitsari, jinin da yake gani ke nan. Waɗanda suka fita ba su ne matsalarsa ba, matsalar gari ce, don in sun isa ruwa sukan ƙyanƙyashe su shiga dodon koɗi, daga nan tsutsotsi su fito su huda fatar wani. Matsalarsa su ne waɗanda suka maƙale a nama. Jiki yana kewaye kowanne da tabo, tabo kan tabo, har mafitsara ta yi tauri, hanyar da fitsari ke bi daga ƙoda ta tsuke, ƙoda ta kumbura. A wasu mutane, bayan shekaru, abin yana ƙarewa da kansar mafitsara. Kafin a kai can kuwa, ga ƙarancin jini, ga kasala, ga yaro yana gyangyaɗi a aji ana ce masa daƙiƙi.

Mugun abin da ke ƙara wa ƙaryar ƙarfi shi ne jinin yakan ragu da kansa in mutum ya girma. Sai yaya ya ce, “Ai ni ma na yi, ga shi ya wuce.” Jini ne ya daina fitowa a ido, tabon yana nan. Ina ba yayan abokinka shawara shi ma ya bi ƙaninsa asibitin.

Kuma da yake an laƙaba wa cutar sunan mazantaka, an mance da 'yan mata gaba ɗaya. Yarinyar da ke wanki da wanke-wanke a bakin kanal tana ɗauka kamar yadda ɗan iyo ke ɗauka. Ƙwan yana maƙalewa a al'aura da bakin mahaifa, ya sa ƙaiƙayi da fitar ruwa da zubar jini, wani lokaci har ya taɓa haihuwa. Me ake ce mata? Sanyi. Komai a ƙasar nan sanyi ne. Ta sha kafso, ta sha jiƙo, ta yi tsuguno, shekara biyar tana fama, ba wanda ya tambaye ta ko tana shiga ruwa. Kafson da mai kemis ya ba abokinka daga wannan rijiyar ya fito. Maganin ƙwayoyin bakteriya ba ya yi wa tsutsa komai, asarar kuɗi ce da ɓata lokaci. Su kuma masu kafa lasifika a kan mota ranar kasuwa, da garin magani ɗaya na basir da sanyi da tsargiya da ƙarfin maza, Allah Ya shirye su. Tun 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya ga tsutsar nan da idonsa a Alƙahira, amma har yau muna gardama da mai lasifika.

Maganin gaskiya sunansa firazikwantel. Ana auna shi da nauyin mutum, miligiram 40 a kowane kilo, a sha a rana ɗaya bayan an ci abinci. Shi ne wanda ma'aikatan lafiya ke rabawa kyauta a makarantu, suna tsayar da yara jikin sanda mai alamomi don su san ƙwaya nawa za a ba kowa. Nan ma ga wata jita-jitar: wai na hana haihuwa ne, wai yara suna faɗuwa. Yaron da ya zo makaranta bai karya ba aka ba shi, zai yi jiri da ciwon ciki, wani har amai, musamman mai tsutsa da yawa, bayan 'yan sa'o'i ya wartsake. Gyaran shi ne a ciyar da yara kafin a ba su, ba a gudu da su gida ta bayan taga ba. Mun ga inda irin wannan magana ta kai mu da rigakafin shan-inna a 2003. Abin takaici, cutar ce ke taɓa haihuwa, maganin ake zargi. Ka kuma sani maganin yana kashe tsutsar da ke jiki ne kawai. Wanda ya sha yau ya koma kanal gobe zai sake ɗauka.

Ban wanke makarantarku ba. Kura tana tsakiyar noman rani na ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, kuma duk mai koyar da bayoloji a yankin ya san abin da ke cikin ruwan da ke kwance ko yake tafiya a hankali. A tura yara kududdufi ba takalmin roba, ba safar hannu, ba babba a tare da su, ganganci ne. Na san amsar da za a bayar: an rubuta takardar neman kaya tun bara, tana kan tebur tana jiran sa hannu. To in kayan ba su zo ba, sai a hana shiga ruwa, wannan ba ya bukatar sa hannun kowa. Ka je ka gaya wa malaminku gobe, cikin ladabi, ka ce kun shiga ruwa kuma an ba ku shawarar gwaji. Kada ka ambaci sunan abokinka sai da yardarsa. Akwai sauran rukunonin da wataƙila suna shirin shiga, shirunka su zai cutar.

Aikin kuwa bai lalace ba, mako biyu ya ishe ku. Ku samo rariyar kicin ta ƙarfe ku ɗaure ta a bakin doguwar gora, ku tsaya a tudu. Ku zaɓi wurare huɗu a bakin kududdufin da suka bambanta, misali inda ake wanki, inda dabbobi ke sha, inda bado ko kainuwa suka rufe, da inda ba ciyawa. Kowane wuri minti sha biyar cif, mutum ɗaya ke kamfata, da sassafe, don tsutsotsin sun fi fitowa daga dodon koɗi in rana ta take. Ku juye a farin faranti, ku ɗauka da hantsaki ko cokali, ban da hannu, ruwan farantin ma kada ya taɓa fata. Ku riƙa duba bayan ganyen bado da jikin ledoji da kara, nan suke laɓewa. Manyan nan masu murfi da yara ke wasa da su ba su ne masu ɗauke da tsargiya ba. Ku nemi ƙanana, waɗanda ba su fi farcen yatsa ba. Ka riƙe shi tsininsa sama, bakinsa yana kallonka: in bakin yana hagu, mai yiwuwa Bulinus ne, mai masaukin tsargiyar fitsari. Mai faɗi kamar faifai a naɗe shi ne Biyomfalariya, na tsargiyar hanji. Mai dogon baki a dama kuma shi ke ɗaukar tsutsar hantar shanu da tumaki. Ku je sau uku, ku kwatanta wuraren. Da wannan kun sami tambaya ta gaske: a ina dodon koɗi ya fi taruwa, kuma me mutane ke yi a wurin?

Batun ƙara lambobi, a'a. In kun kamfata minti sha biyar ba ku sami ko ɗaya ba, ku rubuta sifili, ku faɗi yadda wurin yake, sifilin ma sakamako ne. Lambar ƙirƙira kuma malamin da ya san aikinsa daga kallo ɗaya yake gane ta, don takan fito sumul fiye da abin da ruwa ke bayarwa. Mutum ukun da suka maƙe, ka ba kowannensu aikin da ba sai ya je bakin ruwa ba: ɗaya ya zana taswirar kududdufin da siffar dodon koɗin, ɗaya ya jera alƙaluman a jadawali, ɗaya ya tambayi masu wanki da masu buga bulo sau nawa suke shiga ruwan a mako. Ka gaya musu tun yanzu cewa a shafin farko za ka rubuta sunan kowa da abin da ya yi, wanda bai yi komai ba sunansa zai fito da fili a gabansa.

Dodon koɗin da kuka tara a gwangwani tun ranar farko, in suna nan, kada wanda ya sa hannu a ruwansu kuma kada a mayar da su kududdufi. Ku zuba musu tafasasshen ruwa, ku shanya ɓawon a rana, ku manna a kwali tare da rahoton, kowanne da sunan wurin da aka samo shi da kwanan wata.