Ku Tambaya Mu Amsa: wai me suka ajiye ne a duniyar wata?

Jama'a barkanmu da wannan mako. Saƙonni sun taru sosai kan maganar zuwa wata, sai na tsinci huɗu na haɗa su wuri ɗaya tunda duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Masu tambayar batirin sola ku yi haƙuri sai mako na gaba.

Salam Malam, da fatan kana lafiya. Ni fa maganar nan ta cewa Amurkawa sun je wata ban yarda ba, in da gaske ne me ya hana su komawa sama da shekara hamsin? A majalisarmu kullum sai an yi musu a kai. Daga wani tela a Zinder.

Wa alaikumus salam maigida. Sun je fa, kuma ba sau ɗaya ba. Daga Yulin 1969 da Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka sauka zuwa Disambar 1972 sau shida ana sauka, mutum 12 suka taka ƙasar wata, sun kwaso duwatsu da ƙasa kilo 382 waɗanda har yau masu bincike na ƙasashe daban daban suke aro suna dubawa. Akwai ma wasu madubai da suka bari a can, har gobe ana harba musu haske daga nan duniya ya dawo a auna nisan watan, wajen kilomita 384,000.

Amma hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce shirun da Tarayyar Sobiyat ta yi. Ka san yadda kishiyoyi suke, in ɗaya ta ce ta haifi ɗa namiji alhali ƙarya ne, wa zai fara tona ta? To lokacin ana tsakiyar yaƙin cacar baka, Rashawa suna da na'urorin da suke bin sawun kumbon Amurka, kai a daidai ranakun da su Armstrong suke can wani kumbon Rasha mara mutane mai suna Luna 15 yana zagaya watan, an tura shi ne ya ɗebo 'yar ƙasa ya riga Amurkawa dawowa ko a rage kunya, sai ya je ya rafku da ƙasa ranar 21 ga Yuli. Mutanen da suka kai nan wajen hamayya da sun ga alamar fim ne aka haɗa wallahi da duniya ta ji.

Sai batun me ya hana su komawa, kuma nan ne mutane suke kuskuren lissafi, suna ɗauka son ilimi ne ya kai su. A'a, haushi ne. A 1957 Sobiyat ta harba Sputnik, tauraron ɗan adam na farko, wani ɗan dunƙulen ƙarfe yana wucewa ta saman Amurka yana ƙara ɗit ɗit a rediyo, kuma kowa ya gane rokar da ta iya ɗaga wannan za ta iya ɗauko bam. Ba a gama jin wannan ba sai ga mutuminsu Yuri Gagarin ranar 12 ga Afrilun 1961 ya zagaya duniya cikin minti 108, a 1963 kuma suka tura mace, Valentina Tereshkova. Ko ta ina Amurka ta waiga an riga ta. Shi ya sa Shugaba Kennedy a watan Mayun 1961 ya tsaya gaban majalisa ya ce kafin shekarun 1960 su ƙare za su kai mutum wata su dawo da shi lafiya, wato ya zaɓi tsere mai nisa wanda ko su Rashawan ba su shirya masa ba.

Aka zuba kuɗi kamar ba a so, wajen dala biliyan 25 na wancan zamanin, akwai shekarar da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ita kaɗai ta cinye kusan kashi 4 cikin 100 na kasafin gwamnatin tarayya. An yi asarar rayuka ma saboda gaggawa, a Janairun 1967 mutum uku suka ƙone cikin kumbon Apollo ana gwaji a ƙasa, bayan wata uku Vladimir Komarov na Rasha ya mutu da lemar kumbonsa ta ƙi buɗewa. Su kuma Rashawa babban injiniyansu Sergei Korolev ya rasu a 1966, ƙatuwar rokarsu N1 sau huɗu ana gwada ta sau huɗu tana tarwatsewa, daga baya suka yi gum kamar dama can ba su shiga tseren ba.

To ka ci gasa, abokin karawa ya zauna, ga yaƙin Biyetnam yana cin kuɗi, mutane har sun gaji da kallon abin a talabijin. Sai aka soke sauran tafiye-tafiye uku da aka tsara, masana'antun da ke ƙera rokar suka koma wani aikin, ma'aikata suka watse suka tsufa. Kai tela ne ka sani, in aka rufe shago shekara hamsin ba za ka zo rana ɗaya ka ce a ɗinka maka babbar riga gobe ba ko da kuwa tsohon zanen aikin yana nan a ajiye.

Malam wai da gaske ne Neil Armstrong ya ji kiran sallah a wata ya musulunta? Tun muna yara muke jin haka. Daga wata ɗaliba a Kaduna.

Ƙanwata nima tun ina ƙarami nake ji, amma ba haka ba ne. Shi da kansa ya musanta tun yana raye, ya rasu a 2012. Kuma wata ba shi da iskar da sauti zai bi ya iso kunne, su kansu ta rediyon cikin hularsu suke magana da juna. In Musulmin da suka je sararin samaniya kike nema akwai su na gaskiya, Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya je a 1985, sai wani likita ɗan Malesiya, Sheikh Muszaphar Shukor, da tafiyarsa ta faɗo cikin azumin 2007 har malaman ƙasarsu suka zauna suka fitar masa da bayanin yadda zai yi sallah da fuskantar alƙibla, tunda tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa da yake ciki tana zagaya duniya kusan sau 16 a kwana ɗaya, ka ga in ya bi fitowar rana da faɗuwarta ai ba zai huta ba.

Ranka ya daɗe, ni tambayata kan Chaina ce, naga ana ta cewa za su riga Amurka komawa. Wa kake gani zai ci, kuma me ake nema a can tunda ba noma ake yi ba? Daga ɗan kasuwa mai zuwa Guangzhou sari.

Alhaji ai kai ka fi ni ganin yadda mutanen nan suke aiki, a hankali ba hayaniya sai dai ka ga gini ya tashi. Sai a 2003 suka fara tura mutum, Yang Liwei, shekara 42 bayan Gagarin. A 2011 majalisar Amurka ta yi dokar da ta hana NASA haɗa aiki da su sai da izini na musamman, ba su da wuri a tashar ƙasa da ƙasa, sai suka gina tasu mai suna Tiangong suka kammala a 2022. A watan ma haka suke tafiya taki taki, 2013 suka sauke na'ura, 2019 suka sauke na'ura a bayan wata, ɓangaren da ba ya taɓa fuskanto mu, wanda ba wanda ya taɓa sauka a can, 2020 suka ɗebo ƙasa, 2024 suka sake ɗebowa daga bayan watan kusan kilo 2. Yanzu sun ce nan da 2030 mutanensu za su taka.

Wannan ne ya tashi Amurka daga barci, kishiyar ta dawo da sabuwar fuska. Shirinsu sunansa Artemis, a 2019 suka yi alkawarin sauka a 2024, shekarar ta zo ta wuce ana ta ɗagawa. A ƙarshen 2022 sun tura kumbo ba mutane ya zagayo watan ya dawo lafiya, amma tsadar abin ba a magana, mai binciken kuɗi na NASA da kansa ya ƙiyasta harbi ɗaya zai ci sama da dala biliyan 4, ga shi kumbon da zai sauke mutanen an ba kamfanin SpaceX na Elon Musk kwangila a 2021 kuma tsarin nasa sai an yi ta kai masa mai a sama kafin ya kama hanya, abin da ba a taɓa yi ba a wannan girman. Wa zai ci? Amurka ta fi kuɗi da gogewa, amma duk sabon shugaba sai ya taɓa tsarin, su kuwa Sinawa in sun sa rana yawanci ba sa kaucewa da nisa. In ka matsa min sai na zaɓa, to ba zan yi mamaki ba in 'yan Sin suka riga, duk da ko sun riga na biyu ne a tarihi.

Abin da ake nema kuwa ruwa ne Alhaji. A can ƙuryar kudancin wata akwai ramuka masu zurfi da rana ba ta taɓa leƙawa ba, an gano alamun ƙanƙara a ciki. Ruwa a can ya fi zinari, a sha, a raba shi a samu iskar shaƙa, a yi man roka da shi maimakon a ɗauko daga nan. Kuma wuraren da suka dace, kusa da ƙanƙara amma a kan tudun da ke samun hasken rana, ba su da yawa, kamar rumfunan bakin ƙofar kasuwa ne. Yarjejeniyar da ƙasashen duniya suka ƙulla a 1967 ta ce ba ƙasar da za ta mallaki wata, to amma in ka riga ka kafa kayanka ka ce kar a matso saboda tsaro, ai ka mallaka ne ba takarda. Shi ya sa a Agustan 2023 Rasha da Indiya suka nufi yankin kusan lokaci ɗaya, na Rasha, Luna 25, ya faɗi ya farfashe, bayan kwana huɗu Chandrayaan 3 na Indiya ya sauka lafiya ranar 23 ga wata. Na Japan ma ya sauka a Janairun 2024 amma da ka ya dira, ƙafafu a gefe, duk da haka ya yi aiki ya turo hotuna.

Malam mu fa ina muke a wannan harka, ko 'yan kallo ne kawai? Daga Kano.

Ɗan'uwa garinku ma yana cikin labarin tun farko. A farkon shekarun 1960 NASA ta kafa tashoshin bin sawun kumbo a sassan duniya saboda Mercury, shirinta na farko na tura mutum sararin samaniya, ɗaya daga ciki a Kano take, lokacin da Ba'amurke John Glenn ya zagaya duniya a Fabrairun 1962 tashar Kano na cikin waɗanda suka saurare shi yana wucewa. Ka tambayi dattawan gari, ƙila ka dace da wanda ya tuna turawan.

A yanzu kam zawarci ake yi ta ko'ina. Amurka tana da yarjejeniyarta ta Artemis, Najeriya da Ruwanda ne suka fara sa hannu a Afirka a Disambar 2022. Sin da Rasha su ma suna da nasu shirin tashar bincike a wata, Masar da Afirka ta Kudu suna wancan ɓangaren. Abin dariyar, Najeriyar da ta sa hannu wa Amurka, tauraronta na farko daga Rasha aka harba shi a 2003, na sadarwa kuma NigComSat Sinawa ne suka ƙera suka harba a 2007, ya lalace a 2008 suka maye mata da wani a 2011. Sa hannun nan kuma ba tikitin kumbo ba ne, amincewa ce da ƙa'idoji, kar ka ji an ce an sa hannu ka ɗauka an ware mana kujera.

Wanda ya tambayi dalilin da tutar Amurka take kamar tana kaɗawa a hoto alhali ba iska, sanda ce aka zura ta sama don ta miƙar da ƙyallen, a tafiyar farko sandar ba ta gama buɗewa ba shi ya sa ya yi tattara. A ci gaba da turo tambayoyi, amma don Allah a riƙa taƙaitawa, wani saƙon sai na yi shafi biyu kafin na iso inda tambayar take.